Aikin da ke Jira da Wanda Ba Ya Jira: Tarihin Tsarin Lokaci a Damargu

Wanda ya kama hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Agadas, in ya ci kilomita kusan 150 zai iso Tanut, tsakiyar ƙasar da tun kaka da kakanni ake kira Damargu. Yau hukuma ta kasa ta gida biyu, gundumar Tanut da gundumar Balbeji wadda ta samu cin gashin kanta a 2011, amma ƙasar ɗaya ce: jigawa da faƙo, rijiyoyi masu zurfi, da damina da ba ta cika wuce wata uku ba, ruwanta kuwa a yawancin shekaru ba ya kai milimita 350. An saba ba da tarihin wannan yanki ta fuskar yaƙi da sarauta, ko ta lissafin kayan da ayari ya ɗauko. A ganina akwai wani abu da ya fi waɗannan bayyana yadda aka yi mutane suka zauna a bakin hamada har suka ciyar da wasu. Mutanen Damargu sun iya rarrabe aiki iri biyu. Akwai wanda za ka ajiye ka dawo ka tarar da shi inda ka bar shi, akwai kuma wanda in an fara sai an kai ƙarshe, domin katse shi daidai yake da zubar da shi gaba ɗaya. Arzikin ƙasar ya taso ne daga yadda aka jera waɗannan ayyuka cikin shekara. Mulkinta ya tsaya a kan tambayar wa ke da ikon tsayar da wa. Masifunta mafi muni kuma sun auku ne a lokutan da fari ya gamu da mai iko wanda bai san wannan bambanci ba, ko ya sani bai damu ba.

A fara da gona. A ƙasar da ruwa ke da yawa, manomin da ya makara da shuka zai iya sa ran wani ruwan ya rufa masa asiri. A Damargu ba haka abin yake ba. In ruwan shuka ya sauka da dare, kafin gari ya waye kowa ya fita. Namiji na gaba da sungumi yana sara, taku ɗaya rami ɗaya, mata da yara na biye da ƙwarya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Yashi ba ya riƙe laima, kwana biyu ko uku rana da iska sun shanye ta, saboda haka babu ziyara, babu kasuwa, ko shari'a ce sai ta dakata. Bayan tsiro ya fito sai noman firi, wanda shi ma yana da ƙa'idar kwanaki, domin ƙarangiya da sauran ciyayi ba sa jiran kowa, kuma hatsin da ciyawa ta danne yana ƙarami ba ya komawa daidai ko da an yi masa maimai sau nawa. Haka girbi yake, ana rige-rige da jan baki da fara. Gajeren gero irin ankutes, wanda manoman yankin suka daɗe suna riƙe da shi, an zaɓe shi ne saboda yana nuna da wuri, wato yana taƙaita tsawon wannan lokaci da ba a iya katsewa. To amma da zarar dami ya shiga rumbu, sai yanayin aiki ya sauya baki ɗaya. Sussuka ana yinta kaɗan kaɗan gwargwadon bukatar tukunya. Saƙar zana da tabarma, tufkar igiya, jima, gyaran danga, yaɓen ɗaki, duk ayyuka ne da mutum zai ajiye ya je jana'iza ko biki ya dawo ya ɗora. Shekarar manomin Damargu ke nan: 'yan makonni da babu wanda ya isa ya taɓa su, da watanni masu yawa da aka cika da ayyukan da ke haƙurin jira.

A ɗaya gefen kuma ga ayarin gishiri, wanda shi ne misali mafi tsanani na aikin da ba a katsewa. Wajen watan Oktoba Abzinawa, musamman Kel Ewey, sukan taru a gabashin duwatsun Abzin su fuskanci Tenere, su nufi Fashi da Bilma, tafiyar da ta haura kilomita 500 a cikin rairayin da babu ciyawa, rijiyoyi kuma a ƙirge suke. Kowane raƙumi na ɗauke da hatsin da za a musanya da kantu da dabino, a kan kayan kuma an ɗora damman ciyawar da zai ci, har akan sa masa takunkumi don kada ya cinye guzurinsa a kan hanya. Akan ajiye wani kaso na ciyawar a wasu wurare saboda dawowa. Tun da safe ake tashi ana tafiya har dare ya yi nisa, ba a saukewa don cin abinci, sai dai a dama fura a sha ana tafe. Wanda kayansa suka karkace shi zai fita daga sahu ya gyara ya cim ma 'yan'uwa, ayari ba ya tsaya masa. Wannan ba rashin tausayi ba ne, lissafi ne: ruwan salka da ciyawar da ke bisa raƙumi na ƙarewa ko ana tafiya ko ana zaune, don haka duk sa'ar da aka ɓata an cire ta ne daga ran mutane da dabbobi. Shi ya sa maganar madugu ta zama yanke. Kafin a shiga Tenere kowa na iya ba da shawara a kan ranar tashi, ana iya ɗagewa mako ɗaya ko biyu. Bayan an shiga, babu sauran shawara. A farkon ƙarni na 20 Faransawa sun ƙirga ayarin da ya kai raƙuma wajen 20,000, kuma duk wannan taro yana tafiya ne bisa wannan ƙa'ida guda.

Abin da ya mai da Damargu rumbun Abzin shi ne yadda waɗannan kalandu biyu suka shiga juna ba tare da karo ba. Lokacin da manomi ke cikin tsananin noma, raƙuma suna arewa suna kiwon damina suna tara ƙarfi. Lokacin da ayari ke ratsa Tenere, manomi na girbi. Sa'ad da gishiri ya dawo Abzin ya gangaro kudu wajen Disamba, hatsi ya riga ya shiga rumbu, gonaki sun zama fili, raƙuma su ci kara su bar taki, masu su kuma su sayar da kantu su auni hatsi, wasu su zarce Damagaram da Tasawa da Katsina da Kano, su juyo arewa kafin ruwa ya sauka. Muna da shaidar wanda ya ga abin da idonsa. Heinrich Barth da abokan tafiyarsa James Richardson da Adolf Overweg, waɗanda gwamnatin Ingila ta aiko, sun iso Abzin a 1850 suka sauka hannun Annur, babban Kel Ewey na Tintellust. Duk ɗokinsu na wucewa kudu, dole suka zauna jiran ayarin Bilma ya dawo, sai a Disamba suka taso tare da shi. A Janairun 1851 suka iso Damargu, suka rabu a Taghelel inda Annur ke da gonaki da bayi: Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya yi yamma wajen Maradi da Gobir, Barth ya kama hanyar Kano. Barth ya ambaci garuruwa irin su Kulan Karki da Olelewa, ya kuma nuna cewa da hatsin wannan ƙasa Abzin ke rayuwa. Manzannin babbar daular wancan zamani ma jadawalin gishiri suka bi. Daga baya, kamar yadda masanin tarihi Stephen Baier ya bi diddigi, cinikin Tarabulus da Kano ya ƙara wa Damargu nauyi, Jajiduna ta zama masaukin fatake, gashin jimina da ƙiraga suka shiga cikin kayan da ake ɗauka arewa. Duk da haka, ginshiƙin abin bai sauya ba. Hatsi a rumbu yana iya jiran raƙumi wata da watanni, kuma wannan haƙurin na hatsi shi ne ya ba ayarin da ba ya iya jira damar samun abin da zai dogara da shi.

Abin lura shi ne, masu ƙera manhajojin tsara aiki a zamaninmu sun iso ga wannan rarrabewa ta wata hanya dabam. A 1957 kamfanin DuPont na Amurka tare da Remington Rand suka fito da dabarar gano jerin ayyukan da jinkirin ɗayansu ke jinkirta aikin duka. A 1961, a jami'ar MIT, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka gwada kwamfutar da ke yi wa mutane da yawa hidima lokaci guda, ta ba wannan ɗan taƙi, ta tsayar da shi, ta adana inda ya tsaya, ta koma kan wancan. A 1973 masana biyu, Liu da Layland, suka fitar da lissafin yadda za a jera ayyukan da kowanne ke da wa'adi. Abin da aka gano a taƙaice uku ne. Na farko, in duk ayyukan ana iya tsaga su, ƙa'idar mai sauƙi ce: a kama wanda wa'adinsa ya fi kusa, in wani mafi gaggawa ya shigo a ajiye na hannu. Na biyu, da zarar an ce wasu ba sa tsaguwa, lissafin ya yi wuya ƙwarai, har wani lokaci abin da ya fi daidai shi ne a bar na'ura zaune ba ta komai, don kada ta kama dogon aiki babban ya zo ya tarar da ita a ɗaure. Na uku, ƙaramin aiki na iya riƙe abin da babba ke bukata. A 1997 kwamfutar na'urar Pathfinder da ta sauka a duniyar Mars ta yi ta kashe kanta tana tashi, saboda wani ƙaramin aiki ya riƙe abin da babban ke jira, matsakaitan ayyuka kuma suka yi ta shan gabansa suka hana shi gamawa. Amma a duk wannan ci gaba akwai abin da manhaja ba ta sani da kanta. A Microsoft Project, misali, mai tsari ne ke nuna ko an yarda a tsaga wani aiki ko ba a yarda ba. In ya yi kuskure, manhaja za ta fitar masa da jadawali mai kyan gani wanda ya raba zubin kankare gida biyu. Sanin wane aiki ne ke jure katsewa yana wurin mai yin aikin, kuma irin wannan sani ne Damargu ta tara cikin ƙarnuka.

Mai musu zai ce ai wannan ba dabarar kowa ba ce, Allah ne ya tsara damina da rani, mutane kuwa bi kawai suka yi. Gaskiya ne babu wanda ya zaɓi ranar saukar ruwa. Amma in aka duba abin da mutane suka yi da abin da aka ba su, za a ga hannun mai tunani. Ga binne: manomi ya zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, ya ɗauki kasadar yayyafi ya ruɓar da shi ko ɓera ya tone, don dai ya rage yawan abin da zai yi cikin kwana biyun nan masu tsada. Wato ya ɗebi wani kaso na aikin da ba ya jira ya mai da shi mai jira. Ga gayya, wadda ke tara hannu da yawa a gona ɗaya don a gama firi cikin wa'adinsa. Ga barin raƙuman ayari su yi damina suna kiwo ba a ɗora musu kaya, abin da baƙo zai ɗauka asarar watanni ce, alhali shi ne hutun da ke sa su iya ƙetare Tenere. Ga al'adar riƙe tsohon hatsi a rumbu har sai an ga sabon ya tabbata. Ga tsarin shayarwa a rijiya mai zurfi, inda sa ko raƙumi ke jan igiya ya yi nisa kafin wasaki ya fito, garke na biye da garke a bakin kwami, kowa ya san layinsa, ba a kuma korar dabbar da ta fara sha. Ga kuma kulawa da ƙananan ayyukan da manya suka rataya a kansu: tufkar igiya, ɗinkin salka, yankan ciyawar guzuri. Kowannensu ana iya ajiye shi yau ko gobe, amma in aka yi ta ajiye shi har ranar tashi, ayari ba zai motsa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Damina ba ta koya wa kowa waɗannan. Mutane ne suka gwada, suka yi asara, suka gyara, suka bar wa na baya.

Akwai musu na biyu wanda ya fi wannan nauyi, kuma bai kamata a kauce masa ba. Za a ce wannan tsari da ake yabo a kan wuyan bayi da talakawa ya tsaya. Haka ne. Gonakin manyan Abzinawa a Damargu bayi da barori ne ke noma su, Dagirawa da Hausawan ƙauyuka kuma suna ba da hatsi ga waɗanda ke riƙe da takobi don su zauna lafiya. Lokacin ubangida ba a taɓa shi, na bawa kuwa kullum a buɗe yake ga kira. Amma wannan bai rushe maganata ba, sai ma ya fito da ɓangarenta na siyasa. A ƙasa irin wannan, iko shi ne ka iya tsayar da wani kai kuma ba a iya tsayar da kai. Dubi Abzinawan Imuzurag, waɗanda a ƙarshen ƙarni na 19 ƙarƙashin shugabansu Musa suka zama masu faɗa a ji a Damargu. Ƙarfinsu bai dogara da yawan gishiri ko yawan raƙuma ba. Suna zaune ne a kan hanyar da ayari ba shi da zaɓi sai ya bi, kusa da rijiyoyin da dole ya sha, kuma sun san fatake za su gwammace su biya fito da a tsare su kwanaki. Gabar da ta shiga tsakaninsu da Kel Ewey, wadda ta kai ga farmakin da aka kai wa ayari a Farak a 1901, rigima ce a kan wannan iko. Sai dai akwai iyakar da maslahar masu ƙarfin ta gindaya musu. Ubangidan da ya janye manomansa daga gona ranar shuka, shi ma a Disamba zai tarar da rumbu wayam, ba abin da zai kai Bilma. Zaluncin yana nan, amma azzalumin yana ci daga gonar da yake zalunta, don haka ya san makonnin da bai kamata ya taɓa ba.

Wannan iyaka ce ta faɗi da zuwan Faransawa. Tun shigowarsu ta farko abin ya nuna. Rundunar Foureau da Lamy ta rasa mafi yawan raƙumanta a hanyar Sahara, ta maƙale watanni a Abzin, a Agadas kuma ta tsare rijiyoyin gari har sai da aka ba ta dabbobi, sannan ta ratsa Damargu ta shiga Damagaram a farkon Nuwamban 1899. Bayan an kafa mulki, kwamanda ya zama sabon mai ikon tsayar da kowa, kuma albashinsa da abincinsa ba su rataya a kan gonar kowa ba. Ana karɓar raƙuma don jigilar soja da kayan bariki bisa bukatar ofis, ba tare da duba ko dabbar ta huta ko lokacin Bilma ya gabato ba. Ana karɓar hatsi, ana neman haraji da kuɗi, ana ɗibar mutane aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. A daidai wannan lokaci jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da a da ke bin hamada zuwa Tarabulus suka koma bin teku, cinikin da ya raya Jajiduna ya durƙushe. Sai fari da yunwar 1913 zuwa 1914 suka sauka a kan mutanen da aka riga aka taɓa musu rumbu da garke. Tawayen Kawsan, wanda ya yi wa barikin Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, yana da dalilai na addini da na siyasa, amma ƙwacen raƙuma na cikin manyan abubuwan da suka tunzura Abzinawa, kuma murƙushe shi ya bar Abzin kango, jama'a da yawa suka gangaro Damargu da ƙasar Kano. A yammacin Nijar ma, masanin tarihi Finn Fuglestad ya nuna yadda haraji da aikin tilas suka tsananta yunwar 1931. Fari tsohon baƙo ne a Damargu, an san shi an kuma tanadar masa. Sabon abu shi ne hukumar da ke kallon kwanakin shekara duka a matsayin ɗaya, ta ɗauki mako guda daga lokacin firi tana ganin mako guda kawai ta ɗauka, alhali abincin shekara ta ɗauke.

Bayan samun mulkin kai matsalar ta sake kama. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, wadda ta bi ta wannan yanki, ta ce abin da ke bayanta na makiyaya ne. Amma yawan jama'a ya ƙaru, farin farkon shekarun 1970 da na 1984 ya kashe dabbobi ya mai da makiyaya da yawa manoma, gonaki suka yi ta hawa arewa, suka shiga kwarin Tarka da wuraren da a da burtali ne da makiyaya. Sakamakon shi ne ayyuka biyu da ba sa jira suka fara cin karo a wata ɗaya. Da kaka, tabkunan arewa na ƙafewa, Bafulatani ko Buzu ba shi da ikon cewa garke ya yi haƙuri da ƙishirwa, dole ya gangaro. Manomi kuma wake da sauran amfaninsa na gona bai gama kwashewa ba. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma a nan ne ake zubar da jini. Tsarin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amsa wannan da abin da kowa ya sani yau, wato ranar sakin gonaki, wadda hukumomi ke tsayarwa kowace shekara bayan shawara da sarakuna da wakilan manoma da makiyaya. Wannan rana jadawali ce a cikakkiyar ma'anarta. In an sa ta da wuri an katse wa manomi girbi, in an makara an tsare garke a bakin gona babu ruwa. Ingancinta ya dogara da ko waɗanda suka tsayar da ita sun duba yadda daminar wannan shekarar ta kasance a Gangara da Tenhiya da Tarka, ko kuwa sun kwafo ranar bara ne kawai.

Musu na ƙarshe shi ne cewa duk wannan ya wuce, mota ta maye gurbin raƙumi, wayar salula na kawo labarin kasuwa, matasa kuma cirani suke tafiya Najeriya da Libiya da Aljeriya. Lalle mota ta rage wa ayari daraja, ko da yake har yau akwai masu ratsa Tenere da raƙuma. Amma ciranin kansa a kan tsohon tsari aka gina shi: ana tafiya bayan girbi, a kama dako ko leburanci ko ƙaramar sana'a, ayyukan da za a iya ajiyewa da zarar an ji hadari ya haɗu a gida. Kuma zamani bai kawar da aikin da ba a katsewa ba, ƙaro shi ya yi. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a yankin Olelewa, cikin gundumar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana, dare da rana take aiki, tsayar da ita don gyara kuwa sai an shirya masa tun da nisa. Babu injiniyan da zai yarda a kashe ta don taro. Abin da nake nema shi ne a ba makonnin shuka da firi, da kwanakin gangarowar garke, irin wannan girmamawa. Yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fara da yankewar ruwa a 2004, ta tuna wa kowa cewa tazarar da ke tsakanin ƙoshi da yunwa a Tanut 'yan kwanaki ne na damina. Irin da aka raba bayan ruwan shuka ya wuce ba taimako ba ne, ko da an rubuta a rahoto cewa an raba. Aikin gyaran ƙasa da ake biyan mutane kuɗi ko abinci, in an sa shi a lokacin firi, yana ba magidanci na yau ne ya ƙwace masa na shekara. Taro da ƙidaya da horo duk suna iya jira har kaka ta wuce.

Saboda haka duk wanda zai tsara wa mutanen Damargu wani aiki, ko da alƙalami ko da kwamfuta, akwai tambayoyi uku da tarihin ƙasar ya wajabta masa kafin ya ja layi ɗaya. Wane aiki ne a nan in an katse shi ya lalace? Wane ƙaramin aiki ne babban ya rataya a kansa? Wa zai ɗauki asarar in an yi kuskure? Amsoshin ba sa cikin manhaja, ba sa kuma cikin ofis a Yamai ko Damagaram. Suna wurin mai sungumi, da matar da ke jefa iri, da mai jan wasaki, da tsofaffin madugai da suka rage. Haƙƙin mai tsari ne ya je ya tambaye su, ya rubuta abin da suka faɗa a cikin jadawalinsa, ya kuma yarda cewa akwai makonni a shekara da hukuma ce ya kamata ta jira talaka.